Asibitin da ya sa wa Baba raga a jijiyar zuciya

Baba yana da shekara 84. Daga gidanmu a Tudun Wada zuwa masallaci ba nisa, amma sai da ta kai yana tsayawa sau biyu a hanya, dafe da ƙirji. Likitan zuciya a nan Zariya ya tura mu wani asibitin kuɗi a Abuja, aka ɗauki hoton jijiyoyin, aka ga ɗaya ta kusa toshewa.

Aikin kansa sai dai yabo. Ba a tsaga ƙirji ba, ba a ma sa shi barci ba. Ta wuyan hannun dama suka zura siririn bututu har zuciya, suka hura ɗan balan-balan ya buɗe wurin, suka bar 'yar ragar ƙarfe da suke kira sitent ta tokare shi. Kwana biyu aka sallame mu. Likitar ba ta ɓoye mana komai ba tun farko: tsoho ya fi saurin zubar jini, kuma ruwan rinin da ake ɗura wa jijiya don hoto yana wahalar da ƙoda. Sau biyu aka gwada ƙodarsa kafin mu tafi. Kuɗi kam, fili muka sayar.

Inda suka gaza shi ne sallama. Nas ta miƙo mana ledar magani, asfirin da kulofidogirel masu hana jini daskarewa, ta zubo bayani da Turanci a tsaitsaye. Ba wanda ya tambayi yadda tsohon yake rayuwa a gida. Baba kuwa duk shekara sai wanzaminsa ya yi masa ƙaho. Bayan wata biyu aka yi, ban sani ba, jini ya ƙi tsayawa tun hantsi har la'asar. Hajiya ta tsorata ta ɓoye magungunan. Da muka koma wurin likitanmu, ya ce mata: "Hajiya, don Allah kada a sake. In ya daina sha, jini na iya daskarewa a cikin ragar." Ya hana ƙaho, ya hana maganin ciwon gwiwa irin su diklofenak da muke saya a kemis. Wannan bayanin minti biyar ne, a Abuja ya kamata mu ji shi, da Hausa.

Yanzu wata tara ke nan. Baba yana zuwa Asuba da ƙafarsa. Wanzami yana nan yana zuwa ranar Juma'a, aski kawai, ni kuma ina zaune a gefe.