Google Forms a ajin JSS: ra'ayin malamar Hausa daga Jos

Malamai 'yan'uwana sukan tambaye ni ko Google Forms, wato manhajar Google ta tsara tambayoyi da tattara amsoshi ta intanet, yana da wani amfani a ƙaramar sakandare, ko kuwa yayi ne kawai irin na makarantun masu hannu da shuni. Yana da amfani, sai dai ba a inda aka fi tallata shi ba. Duk wanda zai nuna maka shi, jarrabawar canki-canka zai fara buɗe maka, ya ce ga shi kwamfuta za ta yi makin da kanta. Gaskiya ne, tun 2016 aka ƙara masa wannan. Amma ni Hausa nake koyarwa, kuma kwamfuta ba ta makin insha'i. Abin da ya sa na riƙe shi daban ne: ta nan nake jin abin da yaro ba zai taɓa faɗa mini ido da ido ba.

Ina koyar da aji biyu da aji uku a wata makaranta mai zaman kanta ta wajen Bauchi Road. Kowane aji ya haura hamsin, duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ba ta son malami ɗaya ya riƙe yara masu yawa haka. Ajin Jos kuwa kowa ya san yadda yake. Ga yaran Gangare da Anguwan Rogo da suka tashi da Hausa a baki, ga 'ya'yan Berom da Afizere da Ngas da suke jin ta tamkar tasu amma ba su taɓa rubuta ta ba, ga ɗan Yarabawa ko ɗan Ibo da ya tsince ta a layi. Duk za su zauna jarrabawar BECE ɗaya a ƙarshen aji uku. In na gama darasi na ce, “Kun gane?” amsa guda ce, “E, Malama!” da ƙarfi har ajin kusa su ji. Tarbiyyarmu ce ta koya musu haka. Yaron da aka hore shi kada ya haɗa ido da babba, ta yaya zai ɗaga hannu ya ce wa malamarsa bayaninta bai shiga ba?

Haɗa fom ɗin ba wani aiki ba ne. In kana da adireshin Gmail, shi ke nan, ba a biyan ko kwabo. Ba sai an sauke wata manhaja ba, a burauzar waya ake buɗe shi, ko da yake a kwamfuta ya fi daɗin tsarawa. Kana zaɓar irin tambayar: gajeriyar amsa, doguwar amsa, zaɓi ɗaya cikin da yawa, ko ma'auni daga 1 zuwa 5. Ka tura linki, amsoshi su taru wuri guda, ya zana maka su a hoto, in kana so kuma ya jera su a Google Sheets. Wanda ya iya WhatsApp zai iya wannan.

Wuyar tana wajen tambayar da za a yi. In ka ce wa ɗan aji biyu, “Yaya ka ga darasin Hausa?” addu'a za ka sha: “Yana da kyau, Allah ya ƙara basira.” Ma'aunin nan na 1 zuwa 5 ma bai tsinana mini komai ba, kusan kowa 5 yake dannawa, sai 'yan tsokana da suke danna 1 don su ga abin da zai faru. Zanen zai fito gwanin sha'awa, amma babu abin da za ka gyara da shi. Sai da na koma tambayoyi ƙanana masu iyaka sannan baki ya buɗe. Wane abu ne a darasin wannan mako har yanzu bai zauna maka ba? A wane wuri na yi sauri? Me kake so mu sake yi ranar Litinin? Guda uku, ba na ƙarawa.

Daga nan na ji abubuwan da makin C.A., wato na gwaje-gwajen cikin zango, bai taɓa gaya mini ba. Yara da yawa suka rubuta cewa in ina ba da shifta ina gudu, kuma in na juya ina rubutu a allo ina magana, na baya ba sa ji. Wani ya rubuta, da irin Hausarsa, “malama in kin ce ya da ta bana sanin wanne.” Wannan ya tsaya mini a rai, don Hausar titin Jos ba ta cika damuwa da jinsi ba, za ka ji an ce “mace ya zo” ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuma ina ta jan jan biro a ƙarƙashin kuskuren, a zatona sakaci ne, ashe yaron bai ma san akwai doka a wurin ba. Muka ware darasi guda a kan jinsi kaɗai, da sunayen abubuwan da suke gani kullum: mota ta tsaya, keke ya faɗi, kasuwa ta ci. Wata kuma ta ce karin magana tana haddace su ne kawai, ba ta san lokacin da ake faɗar su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan nasu ne.

Ranar Litinin nakan karanta musu biyu ko uku daga cikin amsoshin, ba suna, in ce ga abin da zan canja, ga wanda ba zan canja ba da dalilina. Masu neman a daina ba da aikin gida suna nan kowane mako, sun san amsarsu. Amma tun da suka ga na rage gudun shifta saboda maganarsu, amsoshin suka ƙara tsawo.

Amfani na biyu shi ne wanda na fi jin daɗinsa. Insha'in yaro, a al'adar makarantunmu, mutum ɗaya ke karanta shi: malami, da jan biro a hannu. Yaro ya karɓi littafinsa, ya duba maki, ya rufe. Sai na fara ɗaukar insha'i guda in buga shi a saman fom, ba sunan mai shi, a ƙasa in sa tambaya biyu: wace jimla ce ta fi burge ka, kuma a ina ka ɓace? Akwai wanda wata yarinya ta rubuta a kan kasuwar Farin Gada, inda take raka kakarta sarin kabeji da karas. Ta yi bayanin kwandunan tumatir da 'yan dako da laka a lokacin damina, sai kwatsam a sakin layi na uku ta koma labarin bikin yayarta. Ni da na yi makin, “ki tsaya kan jigo” na rubuta, kuma na san bai shige ta ba. 'Yan ajinsu kuwa suka yi ta tambaya, “To kakar ta sayi kabejin ko ba ta saya ba?” Da ta ji yawan masu son sanin ƙarshen cinikin, ta sake rubuta shi ba tare da na sa ta ba, ta cire bikin, ta ƙara yadda kakar ta yi kamar za ta tafi har mai kabeji ya kira ta ya sallama. Ya fi na farko nesa ba kusa ba.

A nan tsarin fom ɗin ya yi mini daidai, don duk amsa wurina take fara zuwa, yara ba sa ganin ta juna sai in ni na buɗe wannan damar, kuma ba na buɗewa. 'Yan shekara 12 da 13 in suka san ba a ganin sunansu, akwai wanda zai rubuta baƙar magana. An yi. Na tace, na kai wa mai insha'in abin da zai amfane ta, sauran ya tsaya a wurina. Kada kuma a ruɗi kai da batun ɓoye suna: aji ya san wadda kakarta ke zuwa Farin Gada. Shi ya sa nake neman izinin mai rubutun tukuna, in ya ce a'a in bar shi. Bugawar ma aiki ce, insha'i guda a mako ya ishe ni.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yaran nan ba su da waya. Wayar baba ce, ko ta mama, ko ta yaya. Da farko ta hannun iyaye nake tura linkin a WhatsApp, kuma fom ɗin yana rubuta lokacin da kowace amsa ta shigo. Sai in ga amsa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wato sai da baba ya taso daga kasuwar Terminus ko ta Katako, ya ci abinci, ya gama kiraye-kirayensa, sannan ya miƙa wayar, yana zaune a gefe. Irin waɗannan amsoshin ana gane su daga nesa: “Malama tana ƙoƙari matuƙa, muna godiya da jajircewarta.” Wane ɗan aji biyu ne ke cewa jajircewa? Wani uba ma ya kira ni da safe, bayan gaisuwa ya ce, “Malama, don Allah ki yi haƙuri, na ga abin da yaron nan ya so ya rubuta, wai kina sauri. Na yi masa faɗa, na goge.” Na ce, “Baba, ai ni na roƙe shi ya faɗa.” Ya ce, “Duk da haka, Malama, ba tarbiyya ba ce.” Ban ga laifinsa ba. Amma amsar da nake nema ke nan aka goge.

Gidajen da babu babbar waya kuma ba a jin su sam, alhali sau da yawa yaransu ne suka fi bukatar a ji su. Ga kuɗin data, wanda ya ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Fom marar hoto ba ya cin wani abin kirki, amma uban da datarsa ta ƙare ba zai saya don tambayoyin malamar Hausa ba. Sai da intanet yake aiki, in sabis ya ɗauke sai haƙuri. Mun ga irin wannan a 2020, da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona har wajen Oktoba: karatun waya ya tafi da masu waya, ya bar saura.

Saboda haka na dawo da abin cikin makaranta. Ranar Juma'a kafin a tashi, wayata da tsohuwar kwamfutar ofis suna kan teburin baya, monitan aji na tsaye, yara suna zuwa ba bisa jerin zama ba, don kada lokacin shigowar amsa ya tona wanda ya rubuta. Ba kowa ke samu a mako guda ba, layi-layi muke juyawa. Akwai zaɓin hana mutum amsawa sau biyu, amma in ka kunna shi dole mai amsa ya shiga da asusunsa na Google, haka ma in kana so a ɗora hoton rubutu. Yawancin yarana ba su da asusu, wasu ma ba su kai shekara 13 da ake buɗe wa mutum nasa na kansa ba. Don haka a kashe nake barin sa. Ba na karɓar suna, ba na karɓar imel ko lambar waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce galibi sai da yardar iyaye ake tattara bayanan yaro, ni kuma ban ga abin da zan yi da su ba.

Wani ƙaramin abu ga malaman Hausa: fom ɗin yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, matsalar kibod ce. A sa Hausa a Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, kafin a miƙa wa yara wayar. In ba haka ba, kai da kake cire maki a kan ƙugiya za ka tara shafi guda na “kasa” da “baki” ba ka san wanne ake nufi ba.

Ranar da babu wuta ko babu sabis, takarda nake yagawa gida huɗu, tambayoyin nan uku a allo, a jefa a kwalin alli. Tana aiki. Bambancin shi ne na san rubutun hannun kowa, su ma sun san na sani, don haka amsar takarda ta fi ladabi, ta fom ta fi gaskiya. Kuma ta fom tana nan a ajiye, in zango ya ƙare ina iya komawa in ga ko kukan shifta ya ragu, ba sai na zazzage jaka ina neman ƙananan takardu ba. Ga 'yan aji ɗaya kam takardar ta fi, wanda bai saba da kibod ba zai cinye lokacin mutum biyar yana neman harafi.

Da mai makarantarmu ya ji labari, sai ya ce a yi wa kowane malami irin wannan fom, amsoshin su riƙa zuwa ofishinsa kai tsaye. Na ce, “Ranka ya daɗe, in aka yi haka yara za su gane cewa maganarsu tana iya taɓa albashin mutum. Masu tausayi za su yi shiru, masu jin haushin bulala su samu sanda, malamai kuma su fara sayen yabo da maki.” Ya ce zai duba. Malamin lissafi da malamar Turanci dai sun karɓi tambayoyina uku sun haɗa nasu, kowa amsarsa a wayarsa take sauka. Na lissafin ya ce abu na farko da aka rubuta masa shi ne yana goge allo kafin a gama kwafa.