Allon Shago: Na Fenti Ko Na Inji?

Ƙanena ya buɗe shagon ɗinki a Garwa, a arewacin Kamaru, ya sa aka buga masa allo a inji. Ranar da aka kafa shi kowa ya yaba. Ga hoton babbar riga, ga keken ɗinki da almakashi, ga lambar waya har biyu, sunan shagon kuma da jan rubutu a kan kore. Da na tsallaka titi na waiwayo, sunan ma ban iya karanta shi ba. Bazara ɗaya ta wuce, jan ya koɗe ya koma ruwan hoda. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san yadda ya tara kuɗin nan.

Shi ya sa nake cewa kafin ka tambayi farashi, fara da launi. Abin da ke sa ido ya kama rubutu shi ne ratar haske tsakanin harafi da bayansa. Baƙi a kan rawaya, ko fari a kan shuɗi mai duhu, ana ganinsu daga nesa ko da hazon hunturu ya sauko. Ja da kore kuwa haskensu ya yi kusa da juna, sai su cakuɗe, kuma akwai mutanen da idonsu ba ya bambance su sam. Launi biyu ko uku sun isa.

Sai girman harafi da kaurin layinsa. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasi: kowace mita 3 ta nisa tana son tsayin harafi kamar santimita biyu da rabi. Idan wanda kake so ya gani yana kan babur mita 30 daga ƙofarka, sunan shago bai kamata ya gaza santimita 25 ba. Siririn rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe na katin biki ne. Kuma a bar wa allo fili. Wurin da ba a rubuta komai ba shi ke fito da abin da aka rubuta.

Yanzu ga zaɓin. Tamfol ɗin da ake bugawa a inji, wanda muke ce wa bash, yana da sauri, kuma shi ne ke fitar da hoto na gaske. Mai sayar da waya ko mai shagon ɗaukar hoto zai so shi. Amma inji tawada huɗu yake haɗawa, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kwamfuta kuwa da haske take nuna launi, don haka abin da ka gani a fuskarta ya fi abin da za a miƙa maka walƙiya. Ka ce a buga maka ɗan guntu, ka fita da shi rana ka duba. Ranar Garwa, da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ba ta raga wa bash, iskar farkon damina kuma tana yaga wanda ba a ɗaure da kyau ba.

Ni dai zuciyata tana wajen mai fenti. Farantin ƙarfe, a fara shafa masa maganin tsatsa, sannan fentin mai, ba na ruwa ba. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, hoton mutum ma ba kowane mai fenti ke iya shi ba. Amma yana jure rana da ƙura, in ya dushe a sake bin sa da buroshi ba sai an sayi sabo ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana aikin: ya shafa alli a zare, ya ja shi ya saki ya fitar da layi, sannan ya raba wurin kowane harafi da ido kafin ya taɓa gwangwanin fenti. Kafin ka ba mai fenti aiki, ka ce masa, "Malam, nuna mini allon da ka yi shekara biyu da ta wuce," ka je ka gani da idonka.

Akwai allo mai fitila a ciki, ya dace da kantin magani da masu kaiwa dare, sai dai ya fi tsada kuma in an ɗauke wuta ya zama akwati kawai.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne haruffanmu. Hausa tana da ɓ, ɗ da ƙ, Fulatanci ma yana da ɓ da ɗ, amma ba kowane salon rubutun kwamfuta ke da su ba, sai ka ga "ɗinki" ya fito "dinki". Masu shago a Kuseri ta Kamaru ko Njamena ta Chadi da ke haɗa Faransanci da Larabci su ƙara lura, don wata manhajar tana wargaza haruffan Larabci ta jera su daga hagu. Ka kai samfurin wa wanda ya iya karatun ya duba, kafin a kunna inji.