Kayan neman ɓoyayyun akwatuna a Dartmoor

Na sayi hatimin roba da tawada, kayan neman ɓoyayyun akwatuna, a wani ƙaramin shago kusa da Dartmoor, wani faffadan fili mai duwatsu a kudu maso yammacin Ingila, inda wani jagoran matafiya, James Perrott, ya assasa al'adar a 1854, sa'ad da ya ajiye kwalba a wani wuri mai suna Cranmere Pool domin matafiya su riƙa barin katinsu. Yanzu akwati ake ɓoyewa tsakanin duwatsu; wanda ya gano shi sai ya buga hatimin ciki a littafinsa, ya bar nasa tambarin.

Hatimin roban ya burge ni, domin zanensa yana fitowa raɗau ko da hannu yana rawar sanyi. Tawadar kuwa ta ba ni kunya: yayyafi yana taɓa shafin, sai zanen ya dame, dole na sayi wata.