Lambun furen da na sayi irin morning glory a Katsina, abin da na gani

Masu neman furen da zai rufe masu katanga ko ya yi wa taga inuwa, ga bayanin wani lambu da ke gefen titi ta wajen GRA, wanda na yi hulɗa da su damina guda cur. Wurin ba shi da allo ba shi da komi, baƙaƙen ledoji ne jere a ƙarƙashin itatuwan bedi, dashen mangwaro da gwaiba da lemu da zogale a gaba, furanni kuma can ciki kusa da tankin ruwa. Wani dattijo ne mai wurin, da yara samari da ke taya shi ban ruwa da lodi.

Ni abin da ya kai ni shi ne furen nan mai hawa igiya da Turawa ke ce wa morning glory, mai ganye fasalin zuciya, wanda ke buɗewa da sassafe. Na iske suna da shi a tukunya har ya fara hawa kara, ya yi kyau wallahi, na ce a sa mani shi a Keke Napep kawai mu wuce. Sai dattijon ya ce a'a. Ya ce "ɗiyata, in dai katanga za ki rufe kar ki sayi wannan, saiwarshi ba ta son a taɓa ta, kina fiddo shi daga tukunya zai tsaya cak ya yi ta fushi. Sayi iri ki shuka a inda zai zauna." Na ce Baba ai na tukunyar ya fi kuɗi, ya ce ya sani. To ni tun daga nan na yarda da mutumin, don ba kowane ɗan kasuwa ne zai hana ka sayen mai tsada ya miƙo maka mai araha ba, ballantana a wannan zamanin da kowa ke kuka da aljihu.

Kuma bai sallame ni haka nan ba, sai da ya zaunar da ni kan benci ya yi mani bayani dalla-dalla. Irin baƙi ne ƙanana, fatarshi tauri gare ta sosai, shi ya sa ake jiƙa shi cikin ruwa ya kwana, ko a ɗan kankare gefenshi da abin yanke farce don ruwa ya samu hanyar shiga. Washegari za ki ga ya kumbura, wani ma har ya fara tsagewa. Rami kar ya wuce santimita 1 ko ɗan fiye, a bar tazarar kamar taƙi guda tsakani. Na shuka a watan Yuni bayan ruwa ya zauna, cikin mako guda ya fito da ganye biyu masu tsaga a tsakiya. Abin da ya fi nanata mani shi ne igiya. Furen nan ba ya manne wa siminti, nannaɗewa yake yi, to dole a ɗaura mashi siririyar igiya ko waya tun daga ƙasa har saman katanga, kuma a ɗaura tun kafin ya fito, don in ya miƙe bai samu abin kamawa ba junansu za su sarƙe su kwanta a ƙasa, warwarewa kuma sai an karya kan. Falanki mai kauri ba ya iya zagaye shi. Ni igiyar shanya ta roba na yi amfani da ita da ƙusoshi, ta wadatar, kuma kafin ƙarshen Agusta ya wuce mita 2 ya fara leƙa gidan maƙwabta.

Ya ce in zaɓi bangon da ranar safe ke bugawa. Furen yana son rana aƙalla awa 6, amma duk wanda ya san ranar la'asar ta Katsina a jikin bangon siminti ya san ba wasa ba ce, ganyen sai ya yi yaushi.

Yanzu ga inda ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗa tsakani da Allah. Na farko ƙasar da suke sayarwa a buhu. Baba da bakinshi ya ce furen nan ba ya son taki da yawa, amma da na koma ɗaukar tukwane ba ya nan, yaran suka dage sai na haɗa da buhun ƙasarsu, wai ita ce ta fure. Ƙasa ce baƙa wuluk an cika ta da kashin kaji, tana wari ma. Na ce to bari in gwada duka biyu, gefe guda na zuba tasu, ɗaya gefen na bar jigawar tsakar gidanmu da ɗan tsohon takin awaki kaɗan. Gefen ƙasarsu ganye ya yi manya-manya, kore shar, ya cika bango har ba ka ganin bulo, amma fure sai ka nema. Gefen rairayin kau ganyen bai kai shi girma ba amma kullum safiya fure rututu. Dalilin sananne ne, sinadarin naitirojin in ya yi yawa shuka ganye take ta yi ta manta da fure, shi ya sa ma kar wanda ya ce maki ki watsa mashi yuriya irin ta masara. Wannan ƙasa tasu na tabbata za ta yi wa ayaba ko alayyahu amfani, matsalar dai ita ɗaya suke tura wa kowa ko mi ya saya, kuma kuɗinta ya ninka na irin nesa ba kusa ba.

Na biyu kala. Na ce ina son shuɗi mai kalar sararin sama, wanda ake kira Heavenly Blue, suka ce shi ne a ledar. Da ya fara fure mafi yawa shunayya ne mai duhu, da ruwan hoda jefi-jefi, shuɗin bai fi 'yan ƙalilan ba. Su biyun ma ba jinsi ɗaya ba ne, shuɗin Ipomoea tricolor ne, mai shunayyar kuma Ipomoea purpurea, duka asalinsu daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Da na yi wa Baba magana bai yi gardama ba, ya ce a lambun suke tsintar irin, kuma yara na haɗa su a roba guda. Ya ba ni haƙuri ya ƙaro mani wani. Na gode da hakan amma damina ta riga ta yi nisa, wanda ya tsara kalar gidanshi yana son shuɗi zalla gara ya nemi iri na fakiti mai hoto da suna a jiki.

Na uku shi ya fi damuna don ya shafi yara. A farar leda suke ƙulla irin, ba rubutu ba gargaɗi, alhali irin furen nan yana da guba in aka ci. Dangin dankalin Hausa ne, haka kuma dangin duman rafi ne, wanda duk mai kiwo a nan ya san ba a barin dabba ta cika ciki da shi. Gidajenmu kuwa yara ne ke rarrafe a tsakar gida suna tsintar komi suna kaiwa baki, ga akuya ga kaji. Ya kamata ko da baki ne su riƙa faɗa wa mai saye. Ni dai nesa da turken awaki na shuka, sauran irin kuma yana cikin gwangwani a saman wadrob.

Furen kanshi kam ba ni da abin cewa sai masha Allah. Sai an yi haƙuri, don yana iya cin wata 2 zuwa 3 yana ganye kawai, ya fi sakin fure idan yini ya fara raguwa, wato ƙarshen Agusta zuwa Satumba da Oktoba, har wasu kan ɗauka an cuce su su tumɓuke shi ana gobe zai fara. Da yamma za ki ga tohon a murɗe, dogo mai tsini, bayan sallar asuba gari na fara haske ya warware ya buɗe baki kamar kakakin Sarki, tsakiyar fari tas, da layuka biyar da suka taso daga ciki zuwa gefe. Kafin azahar ya naɗe ya langaɓe, kuma wanda ya rufe ya rufe kenan, gobe wani sabo ne zai buɗe. Ranar da aka tashi da hadari yakan daɗe a buɗe, ranar zafi kau tun da hantsi ya gama. Saboda haka in baƙinki na yamma ne ganye kawai za su gani, a san da wannan kafin a saya.

Ban ruwa bai wahalar da ni ba, wanda babban abu ne ga mu masu sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa. Cikin damina ban ba shi ko kofi ba sai in an yi fashin ruwa ya daɗe. Na tukunya ne ke son a duba shi kullum da yamma. In kin ga ganye ya sunkuya da tsakar rana kar ki yi saurin kwara ruwa, taɓa ƙasar tukuna, in da danshi ƙyale shi zai miƙe da magariba, ruwa in ya kwanta saiwar ruɓewa take.

Ƙwari kuma an yi, fara ta ɗan ci ganye, sai wasu ƙanana da ke taruwa a bayan ganye da kan toho suna tsotsa. Maganin da Baba ya faɗa mani shi ne a daka ganyen bedi a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan a fesa da yamma har bayan ganyen. Ya rage su sosai, kuma bai nemi sayar mani da wata kwalbar feshi ba duk da na ga suna da ita.

Sanyi na shigowa da ƙurar hunturu ya fara bushewa, haka tsarinshi yake, shukar shekara guda ce. A lokacin ƙwanson irin ke komawa ruwan ƙasa, a tsinke shi kafin ya fashe, kowane ɗaya da 'yan ƙwayoyi a ciki, a shanya a inuwa a adana. In aka bari ya zube to baɗi ruwan farko zai fito ko'ina har cikin ramin kabewa, masu ɗan lambun kayan miya a bayan gida su kula don yana shaƙe kuɓewa da tumatir in ya hau su.

Zan koma wurin, amma iri da dashen itace kawai zan saya, ƙasar buhu kam a'a. Wanda zai je ya je da safe lokacin da dattijon ke nan da kanshi, ya nemi shi ya yi magana da shi, kar ya tsaya ga yaran. Ana ragi in ka haɗa kaya da yawa, suna karɓar tiransifa, kuma watan Mayu ya fi dacewa a sayi irin don da ruwa ya sauka mutane ke cika wurin.