Allunan bayani na gidan zu: wai wa ake rubuta wa?

Ranar Asabar na kwashi yara uku da mamansu muka je gidan zu, dabbobi dai ba laifi, tsafta ma sun yi ƙoƙari, amma allunan nan da ake kafawa gaban keji in maki zan ba su biyu cikin biyar ne, shi ma albarkacin allo guda ɗaya.

Gaban zaki allo ne zungureriya, rubutu ƙanana kamar takardar cikin kwalin magani, an fara da sunansa na kimiyya Panthera leo, sai taswirar da rana ta koɗar, sai wani ɗan da'ira da VU a ciki ba wanda ya ce ga ma'anarsa. Ni dai na san alamar ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ce, ta jerin nan na dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa da aka fara tun 1964, to amma uwa da yaro ke jan hannunta ina ta ga lokacin bincike? Shi kuma autana abin da ya dame shi daban, "Baba wai zakin nan ya mutu ne, ba ya motsi." Layi ɗaya fa ya isa, cewa zaki kan kwanta yana hutawa har awa 20 a rana. Babu shi. Ga allon can sama, sai ka ɗaga yaro kafin ya ga ko hoton.

Na raƙumin dawa ne ya burge ni wallahi. An sa shi ƙasa daidai tsayin yaro, tambaya ɗaya rak: ƙashi nawa ne a wuyansa? Ka ɗaga wani ɗan murfi ka ga 7, daidai da naka. Nan da nan kowa ya kama shafa ƙeyarsa har da maman, wadda ta ce ita ba ta yarda ba. A ƙasa an rubuta ka tsaya ka kalli harshensa, baƙi-baƙi ne, yana kai santimita 45, aikuwa muka tsaya kusan minti goma har ya zaro shi ya naɗe ganye, yara suka saka ihu.

Akwai kuma kejin da allonsa ke cewa jimina amma kunkuru ne a ciki yana ta abinsa. Na ɗora waya kan QR ɗin da ke jiki ko zai warware mana, shafin bai buɗe ba.