Shagon turi na gefen Kasuwar Dole, da golar Norwe da na sa aka nemo mini

Masu turi a Damagaram ba su ƙirguwa, amma kusan hajarsu ɗaya ce: waƙoƙi, fassarar Indiya, wa'azi, sai ƙwallayen Madrid da Barsa. Wanda nake magana a kansa ɗan shago ne a gefen Kasuwar Dole, ta wajen masu gyaran salula, kwamfuta ɗaya da benci ɗaya. Abin da ya raba shi da saura, in ka nemi abin da ba ya da shi, yaron ba ya ce maka babu ya kau da kai. Rubutawa yake, ya ce ka dawo.

Ɗiyar ƙanwata ce ke tsaron raga a ƙungiyar 'yan matan lakwal ɗinsu, kuma duk abin da ta iya, daga maza dogaye kamar giginya ta kwaikwaya. Na so ta ga mace a raga. Da na miƙa masa takarda da sunan Bente Nordby, sai ya ce, "Baba, mawaƙiya ce?" Na ce, "A'a ɗana, gola ce, wasa 172 ta buga wa ƙasarta."

Abu uku ya samo. Na farko wasan ƙarshe na kofin duniya na mata na 1995 a Suwidin, inda Norwe ta ci Jamus 2 da babu. Guntaye ne kawai, hoton kuma dishi-dishi, da ƙyar kake gane lambar riga, amma wannan laifin shekaru ne ba nasa ba. Nordby tana da shekara 20 lokacin, kuma a wasa 6 na gasar ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragar Norwe, ta Danmak. Maƙwabtanmu na Najeriya 8 suka sha a hannunsu, Allah ya ba su haƙuri.

Na biyun shi ne ya biya ni kuɗina: wasan ƙarshe na Olamfik na 2000 a Sidni, cikakke. Amurka ta matsa wa Norwe kamar me. Tiffeny Milbrett ta Amurka ta ci biyu, ta biyun ana dab da tashi, aka tafi ƙarin lokaci 2 da 2, sannan Dagny Mellgren ta Norwe ta jefa wadda ta tashi wasan. Ni ba cin nake kallo ba, ƙafafun golar nake kallo. Kafin a buga ta riga ta gyara tsayuwa, taku biyu uku ƙanana, har ƙwallon da za ka ce sai an yi tsalle ta zo mata a ƙirji. An farke mata ci a mintin ƙarshe, ba ta zauna tana dukan ƙasa ba, ta tashi tana yi wa 'yan bayanta magana. Wurin nan muka yi ta mayarwa baya, har yarinyar ta ce, "Kawu, ashe ba dole sai an faɗi ba." A filinmu na tsakuwa da ƙarangiya, wannan darasi ya fi safar hannu amfani.

Na ukun ban ma nema ba, shi ya ƙara da kansa: bugun fenareti na Norwe da Ostireliya a kofin duniya na mata na 2019. Golar Ingrid Hjelmseth ce, wadda ta daɗe a benci bayan Nordby kafin ragar ta zama tata. Tana da shekara 39 ta tare bugun Emily Gielnik, Sam Kerr ta harba nata sama, Norwe ta wuce da 4 da 1. Hoton wannan tas yake.

Sai inda ya gaza. Sunayen bidiyon lambobi ne zalla, sai ka buɗe kowanne ka ga mene ne. Katin memori da ya sayar mini ya cika tun bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. Ya canja ba gardama, amma kuɗin kabu-kabu ni na biya. In aka ɗauke wuta kuwa, aiki ya tsaya cak, ba janareta. Wasannin Nordby a Liyon ta Faransa, inda ta je bayan kofin duniya na 2007, ya nema bai samu ba, kuma bai karɓi ko dala a kai ba.

Guntun bidiyo dala 20 ne, cikakken wasa dala 100 saboda data, na ga bai yi tsada ba. Ka tafi da katinka, ka rubuta masa sunan ɗan wasa da shekara, kuma ka je da hantsi, don da la'asar 'yan lakwal sun cika bencin.