GARGAƊI ga mutanen Abuja: registered daban, regulated daban

Jama'a dan Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman matan da ke guruf na adashe a WhatsApp wajen Kubwa, Dei-Dei da Nyanya. Akwai wasu da ke yawo yanzu da sunan kamfanin zuba jari, wai ka sa dubu ɗari bayan wata a ba ka dubu ɗari da talatin, in ka kawo mutum kuma kana da kamasho. Da ka nuna shakka sai su turo maka hoton satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar RC wato lambar rajistar kamfanin a jiki, su ce ai gwamnati ta san da zamanmu, mu registered ne.

To a nan suke cin mutane wallahi, don kunnen mai ji yana ɗauka regulated aka ce, kalmomin sun yi kama a baki amma ba abu ɗaya ba ne. Registered a CAC kawai an rubuta sunan kamfani ne a rajista, mai gyaran waya a Banex yana da wannan takardar, mai gidan burodi ma yana da ita, CAC ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a ya juya ba. Regulated kuma shi ne akwai hukumar da ta ba ka lasisin wannan sana'ar take kuma bin diddigin kuɗin, in zuba jari ne SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, in banki ne CBN, babban bankin ƙasa. Kuɗin da ke banki mai lasisi NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, na tsaya masa har naira miliyan 5 in bankin ya rushe, wanda ka ba waɗannan mutanen kuwa babu mai tsaya masa ko kwabo. Wasu har takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, suke ɗagawa, ita ma ba lasisin zuba jari ba ce.

Maƙwabciyarmu tela ce, baiwar Allah ta sai da awarwaronta ta haɗa da kuɗin ɗinkin sallah na mutane ta zuba, kullum tana nuna wa iyalina waya lamba na ta hawa. Ranar da ta zo cirewa abu ya tsaya, aka ce sai ta ƙara dubu ashirin a tantance asusunta, ta ranto ta tura, washegari aka kulle guruf sai admin kaɗai ke magana. Abin da ya fi ƙona min rai ƙawarta ce ta kai ta, ita ma ba da mugunta ba, an biya ta ribar farko da kuɗin wasu ta ɗauka gaskiya ne, yanzu ko gaisuwa ba sa yi.

Haka masu irin wannan harkar suka riƙe kuɗin mutane a baya, MMM a Disambar 2016, CBEX a Afrilun 2025. Kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa ɗaurin shekara 10 ko tarar miliyan 20 ga masu irin wannan harkar.

Kafin ka tura sisi ka tambaye su registered a ina, ka shiga shafin SEC da kanka ka duba sunan a jerin waɗanda ta amince da su, kar ka yarda da hoton da suka turo. Wanda kuɗinsa ya riga ya maƙale kar ya ƙara tura na tantancewa, ya adana rasit da hirarsu da lambar asusun da ya tura wa, ya kai ƙara ofishin EFCC da ke Jabi.